Babana yana hura ƙurar birki da baki

Malama, don Allah ki taimake ni, kwana uku ke nan babana ba ya kallon idona.

Bakanike ne, shekara talatin yana gyaran birki. Ba yabo ba, daga ƙarar mota kawai yake gane takalmin birkin da ya cinye. Ni ce 'yarsa ta fari, na gama makarantar koyon sana'a bana, na dawo garejinsa. Ranar da na fara aiki har maƙwabta ya kira su ga hannuna da baƙin mai.

Matsalar ita ce, in ya kwance taya sai ya yi bisimilla, ya sunkuya ya hure ƙurar birkin da baki. A makaranta an koya mana cewa ƙurar nan tana lalata huhu, ga shi kuma tari ya ƙi sakinsa. Ran Litinin ya cika baki zai hura, na janye kafaɗarsa a gaban mai mota. Mutumin ya yi dariya har da tafi. Tun ranar, ko sifana Baba yake so, nuni yake yi da hannu. Abin mamaki, jiya na ga ya tokare mota da ƙafafun ƙarfe kafin ya shiga ƙarƙashinta, abin da na daɗe ina roƙonsa. Na yi laifi ne?

'Yar bakanike

'Yata, na karanta wasiƙarki ina murmushi. Uban da ya tara maƙwabta su ga hannun 'yarsa, da 'yar da ke tsaron numfashinsa, dole a yi alfahari da ku.

Kina da gaskiya kan ƙurar. Ba a hura ta, ko da baki ko da injin iska. Jiƙa ta ake yi a goge, da takunkumi a fuska. Amma kin yi gyaran a inda bai dace ba. Ba maganarki ce ta yi masa zafi ba, dariyar baƙon ce.

Ki same shi shi kaɗai, ki ba shi haƙuri kan janyewar, ban da dalilinta. Ki faɗa masa tarin ne ke tsorata ki, ki roƙe shi ku je asibiti tare. Sannan ki daina wa'azi, ki riƙa riga shi: yana cire taya, jiƙaƙƙen tsumma na hannunki. In babu ƙura, me zai hura? Ki kuma nemi ya koya miki sauraren birki, makaranta ba ta ba ki wannan ba.

Ƙafafun ƙarfen nan kuwa, amsarsa ce. Ya ji ki, bakinsa ne bai sauko ba tukuna.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa wata rana ya zauna a inuwa yana nuna ki yana cewa shi ya koya miki.