Mun Rasa Dakta Suhail, Mai Auna Ƙarfin Ƙafafunmu

Cikin alhinin da bai hana mu godiya ba, Ƙungiyar Dattawan Tsohon Garin As-Salt, da mai girma shugabanta, da 'yan kwamitinta, da ɗaukacin membobinta maza da mata, Musulmi da Kirista, ta samu labarin rasuwar ɗanta kuma likitanta, Alhaji Dakta Suhail Fayiz Dabbur, wanda aka fi sani da Abu Nizar, ƙwararren likitan tsofaffi, wanda Allah Ya karɓi ransa da hantsin Talatar da ta gabata sakamakon bugun zuciya, yana da shekara sittin da ɗaya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da yawanmu mun ba shi shekara ashirin, wasunmu sun ɗauke shi a kafaɗa yana yaro, kuma babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa mu ne za mu zauna karɓar gaisuwarsa.

Garin nan ba a zamansa sai da ƙafa. Gidajenmu a kan tudu suke, matakala ce hanyar kasuwa, ita ce hanyar masallaci da coci, kuma ranar da cinyar tsoho ta gaza, ranar ce 'ya'yansa ke zuwa daga Amman su kwashe shi da 'yan komatsansa, su kai shi wani gidan bene inda zai wuni yana kallon bango. Kafin zuwan marigayi da ido ake yanke wannan hukunci: mai jiki a ce da sauransa, siriri a ce tasa ta ƙare. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a wannan lamari dai idon ya sha cin amanarmu.

Shekara tara ke nan marigayi yana zuwa ofishin ƙungiya duk ranar Alhamis, ba tare da an roƙe shi ba, rungume da 'yar na'urar sikanin, irin wadda ake duba cikin masu juna biyu da ita. Yakan shafa wa cinya mai mai sanyi, ya ɗora kan na'urar a saman gwiwa, ya auna kaurin tsoka, ya kuma duba launinta, daga nan ya sa mutum ya tashi daga kujera ba tare da ya dafa komai ba. Ba a karɓe shi da hannu biyu ba da farko. Ƙungiya ba za ta manta da Alhaji Abu Samir ba, tsohon direban babbar mota, mutum mai cinya kamar turmi, wanda ya tsaya a ƙofa yana cewa, "Ni da jikokina, a kwantar da ni a duba ko namiji ne ko mace? Likita, ka nemi wani." Da aka lallaɓa shi ya kwanta, sai hoton ya fito fari tas, shi kuwa ya hau murna yana cewa ga shi nan, cikinsa ma fari ne.

A nan ne muka fara sanin irin likitan da Allah Ya ba mu. Marigayi ɗan mahauci ne, a gaban teburin nama ya tashi, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Ya nuna wa Abu Samir cewa lafiyayyar tsoka duhu take yi a hoto, farin nan kitse ne da ya ratsa ta, sa'an nan ya ce masa, "Baffa, da mahaifina zai samu irin wannan naman, da wanda ya sani kawai zai ɓoye wa. A tukunya ba shi da na biyu, amma ba zai hau da kai gida ba." Daga ranar muka gane. Ya hana mu zaman gurasa da shayi safe da yamma, ya sa mu cin ƙwai da wake da kindirmo, ya sa dattawa masu furfura tashi da zama a kan kujera kamar 'yan makarantar da aka kama da laifi. Mun yi gunaguni, mun kuma yi abin da ya ce.

Wajibi ne ƙungiya ta ambaci mai ɗakinsa, Hajiya Nawal, Ummu Nizar, tsohuwar ungozoma, domin ba don ita ba da iyayenmu mata ba su amfana da komai ba. Ita ce ke shiga bayan labule ta riƙe kan na'urar a cinyar mace, shi kuma yana waje ya juya baya yana karanta hoton. Hannunta ne, idonsa ne, kuma haka suka yi aikin har ƙarshe.

A bayan wannan labule aka duba Ummu Jiryis a ƙarshen sanyin da ya wuce. Tsohuwa ce siririya 'yar shekara tamanin da ɗoriya, tana zaune ita kaɗai a gidan da aka kai ta amarya, can ƙarshen matakalar unguwarmu. Ta zame a tsakar gida, 'ya'yanta biyu, Jiryis da Ra'id, suka tsorata, suka ce sai ta koma wurinsu a Amman. Ba mu ga laifinsu ba, ƙaunarta ce ta sa. Ita kuwa ta kafe kai da fata cewa gawarta ce kawai za ta sauka daga tudun nan. Marigayi bai yi wa kowa daɗin baki ba. Ya gaya wa 'ya'yan cewa tsokar mahaifiyarsu kaɗan ce amma mai kyau ce, ita kuma ya ce mata, "Inna, in kika ci gaba da wannan shayin naki, kafin wani sanyin 'ya'yanki sun yi gaskiya, ni da kaina zan ɗaukar miki akwati." Aka yi yarjejeniya a gabanmu: a ba ta zuwa bayan girbin zaitun a sake dubawa, in tsoka ta ƙaru ta zauna, in ba haka ba ta bi su ba musu. Wata da watanni maƙwabta na jin ta tana tashi da zama, tana yi tana zagin likita da ƙwansa.

An gama girbin zaitun. Alhamis ɗin da za a sake duba ta ita ce ta zama rana ta ƙarshe ta zaman makokinsa. Na'ura tana nan, hannun da ke riƙe ta yana nan, amma babu mai karantawa, kuma 'ya'yanta sun zo gaisuwa da niyyar su wuce da ita, tunda babu sauran wanda zai tsaya mata. Gidan marigayi, inda mata ke zama, a tudun da ke fuskantar nata yake. 'Ya'yanta suka ce za su ɗauke ta a kujera zuwa titi su zagaya da ita a mota. Ta ce, "Ku ba ni hanya. Mutumin nan ba za a kai ni gaisuwarsa a ɗauke ba." Ta sauko tudunta, ta ratsa kasuwa, ta kama nasa, tana yi tana hutawa, 'ya'yanta na biye da hannuwa a buɗe, ba ta dafa ko ɗaya ba. Mu da muke zaune a zauren maza mun ajiye kofunan gahawa mun fito muna kallo, kuma da yawanmu mun yi hawayen da ba mu yi a maƙabarta ba.

A madadin mai girma shugaban ƙungiya, Alhaji Rakan Abdulhalim Zahran, da dukkan membobi, muna miƙa ta'aziyya ga Hajiya Ummu Nizar, da 'ya'yansa Injiniya Nizar da Malama Lubna, da 'yan'uwansa, da dangin Dabbur baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sa duk takun da tsoho ya yi a matakalar garin nan ya zama haske a kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙurin jure wannan babban rashi. Mun gode muku da kuka ara mana shi duk Alhamis.

Kuma da izinin Jiryis muke sanar da iyalan marigayi cewa da yammacin wannan Alhamis ɗin ya koma Amman shi da ƙaninsa su biyu. Ummu Jiryis tana ɗakinta.

Ustaz Munzir Abdulkarim Shahin
Kakakin Ƙungiyar Dattawan Tsohon Garin As-Salt