Lakar Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya gwiwar nan taka? Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Albishirinka! Autata ta sauka, an samu namiji. Sai da aka yi mata aiki, amma daga ita har yaron lafiya lau. Tun ranar bakina bai rufu ba. Ƙato ne, da hanci irin na gidanmu, kuma tun yanzu ya ƙwace mini tsohuwata, ko shayina ba ta tunawa.

Bayan haka, saƙonka ya iso ta bakin ɗanka. Wai an gan ni a tafkin bayan gareji, wando a naɗe, ina kwasar laka kamar taɓaɓɓe, na zubar da mutuncin gida. Ba ƙarya aka yi mini ba, Yaya, kuma ba dainawa zan yi ba.

Bari ka ji dalili. Auta tana bincike a jami'a kan ƙananan halittun da ido ba ya gani, na cikin laka da ƙasar gona da ruwan kwata. Ba ɗaya-ɗaya take rainon su ba. Lakar gaba ɗaya ake sarrafawa, na'ura ta karanto rubutun halittar duk abin da ke ciki a yayyage, kwamfuta ta harhaɗa. Daga nan take gane wa ke cin me, wa ke fitar da wace iska, da yadda wata ƙwaya da ake kira bairos ke shiga jikin wata mai suna bakteriya ta sauya mata cin abinci. Ni da na koyi haɗa baƙi a ajin yamma da furfura a kaina, wannan bai yi mini wuyar ganewa ba.

Kowane wata ake ɗibar lakar, kuma likita ya hana ta ko sunkuyawa. Mijinta yana can wurin aiki mai nisa. Farfesan da ke shugabantarta ya ce in ɗibar damina ta yanke, wani zai miƙa wa aikin. Aikin da yarinyar nan ta ƙare ƙuruciyarta a kansa! Ni kuwa na ajiye tuƙin bas, ƙafafuna garau. Ta ba ni safar hannu da 'yan kwalabe da kula mai ƙanƙara. Wanda abin ya dama ya kau da kai.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Direba

*

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Jikanka yana gaishe ka, har ya fara yi mini murmushi, ko da yake kakarsa ta ce ciki ne ke murɗa masa.

Na san labari ya riga ni zuwa, don haka ka ji shi daga bakina. Cikin kwalaben akwai guda da ba a zuba mata komai. Buɗe ta kawai ake yi a bakin tafki a sake rufe ta, ita ce shaidar cewa ba abin da ya shiga daga waje. Da aka gwada tawa, sai ga ta cike da halittu, kuma irin na bakin mutum. Auta ta zaunar da ni ta ce in nuna mata yadda nake yi. Na ɗauki kwalba, na buɗe, na hure cikinta kamar yadda na saba hure bututun mai kafin in ɗaura, don kada ƙura ta ɓata mata aiki. Kowace kwalba haka na yi mata. Auta ta yi dariya har ɗinkinta ya yi zafi, daga nan dariyar ta koma kuka.

Farfesa ya ce a zubar da su duka, ya ce bincike ba aikin tsofaffin gida ba ne. Ɗanka kuma ya zo da nasa, wai dama kai ka faɗa.

Washegari na sa rigata mai kyau na tafi ofishin Farfesa. Na gaya masa bakin da ya ɓata kwalabe nawa ne, ba na Auta ba, kuma damina ba ta wuce ba, tafki bai gudu ba. Na ce ya haɗa ni da ma'aikacinsa ya tsaya a kaina, in na sake kuskure ya kore mu baki ɗaya. Ya ce yana da taro. Na ce ni ba ni da shi, na gyara zama a kujerarsa ta baƙi. Da ya dawo ya tarar da ni a wurin, sai ya girgiza kai ya kira ma'aikacin.

Mun koma tafki da gona da kwata, an ɗaure mini baki da takunkumi kamar ɗan maraƙi. Jiya sakamako ya fito: kwalbar shaida fes, babu kowa a ciki. Aiki yana hannun Auta, kuma ni zan ci gaba da ɗiba har ta warware.

Ka zo ka ga yaron, Yaya, ɗakinka a share yake. Amma in ka dace da ranar ɗiba, kai za ka riƙe mini kula.

Tsohuwa tana gaishe ka.

Ƙaninka,
Direba