Gaisuwar Safen Da Ba Taka Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana na fari, a Legas. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ni ina nan Gumel, a ɗakin da ka sani, muna godiya ga Allah.

Kada ka yi mamaki da na sa wannan wasiƙa a shafina inda kowa zai gani, maimakon in turo maka kai kaɗai. Idan na turo ta lambarka, ban san wanda zai karanta ba. A nan kuwa, ko idonka bai kai ba, wani abokinka zai gani ya taɓa ka. Masu karantawa su yi mini uzuri, ba za su ga sunanka ba. Tun ranar da aka raɗa maka shi bakina bai taɓa kiran sa ba. Haka muka taso, uba yana jin kunyar ɗansa na fari, ɗan ma yana jin ta uban.

Kana tuna yadda muke. An yaye ka aka kai ka wurin kakarka a Gagarawa Tasha, can ka yi wayo. Idan ka zo hutu, sai ka durƙusa a bakin zaure, kanka a ƙasa, ka ce ina kwana. In ce lafiya. Ka ɗan jima a durƙushe kana wasa da igiyar takalminka, sannan ka tashi ka shiga wurin mahaifiyarka. Duk abin da nake son sani game da kai, a bakinta nake ji.

A bakinta na ji cewa rubuta manhajar kwamfuta za ka karanta. Ita ba ta san nauyin abin da ta faɗa ba, tana tankaɗe ta faɗa. Ni kuwa sai na ɗauki buta na fita waje kamar mai alwala, don kada a ga fuskata. Ban taɓa ce maka ka bi sana'ata ba, ga shi ka bi.

A zamaninmu a Kano, tun ba a yanke mana jiha ba, kwamfuta ɗaki guda take ci, an sanyaya mata ɗakin, mu muna waje muna gumi. A takarda muke rubuta umarni da fensir, layi bayan layi, a kai wa masu huda kati, a jera katunan a tire, mutum ya bi layi ya miƙa. Idan ka manta ɗigo ɗaya, sai ka sake bin layin daga baya. Saboda haka kafin ka miƙa, sai ka zauna ka zama na'urar da kanka, ka bi kowane layi da yatsa kana tambayar kanka abin da za ta yi a nan. Ba don mun fi ku hankali ba ne. Tsoron layi ne ya koya mana natsuwa.

Zuwanka na ƙarshe, zaman makokin mahaifiyarka ne. Masu ta'aziyya suna raguwa sai in ga ka zame ka shiga ɗakin baƙi, ka buɗe kwamfuta a kan cinya. Wata rana da hantsi na leƙo, ka yi sauri za ka rufe, na ce bari in gani. Wannan ne karo na farko da muka zauna kan tabarma ɗaya, muna kallon abu ɗaya.

Ka nuna mini sabuwar basirar na'ura da kuke aiki da ita. Ka rubuta mata abin da kake so da magana irin ta mutane, kafin in gyara tabarau ta cika allo da abin da zai ci mini mako. Ka ce, “Baba, yanzu ba ni nake rubutawa ba. Faɗa mata nake, ta rubuta, ni in duba.”

Na ce to ashe kun huta. Ka yi wata dariya wadda ba ta kai ido ba. Ka ce, “Tun da masu kamfani suka gane tana da sauri, aikin mutum uku suke ɗora wa ɗaya. Wanda ya ɗaga kai, sai a tuna masa akwai masu jiran kujerarsa.” Ba a yi addu'ar bakwai da kai ba, aka kira ka ka koma.

Ni ban ƙi wannan na'ura ba, kada ka ɗauka tsoho ne yake ƙorafin zamani. Da muna da ita, da idanuna ba su lalace haka ba. Abin da na lura kawai shi ne duba aikin wani ya fi rubuta naka wuya, musamman idan mai aikin ba ya gajiya, kai kuma kana gajiya. Kuma ban ga ta ce ban sani ba. Abin da ta sani da abin da ta ƙaga, da murya ɗaya take faɗar su, da ladabi iri ɗaya. Idan abu ya ɓaci kuwa, ba ita za a kira ofis ba.

Bayan ka koma, saƙonka ya riƙa zuwa jefi-jefi. Ina kwana Baba, shi ke nan. Wani lokaci sati ya wuce babu. Ban ji haushi ba, na ga inda kake.

Daga ƙaramar salla abin ya sauya. Kullum ina idar da sallar asuba wayar za ta yi ƙara. Saƙo mai tsawo, Hausa tsaf, babu kuskure. Yaya na kwana, yaya jiki, in riƙa shan ruwa saboda zafi. Ran nan har da cewa kana alfahari da ni, kana kewata.

Alhaji Mati, maƙwabcina dillalin shanu, yakan shigo da safe mu sha koko. Na karanta masa. Ya buga cinya ya ce, “Injiniya, Legas ta buɗe wa ɗan nan naka baki! Nawa ɗan banzan yana nan Maigatari, hanci da baki, amma sai ya ji an ce na sayar da sa yake tuna yana da uba.” Muka yi dariya har koko ya sarƙe shi.

Bayan ya tafi na sake karanta saƙon. Yaron da bai taɓa haɗa ido da ni ba, ba zai wayi gari ya ce yana kewata ba. Ko da yana ji a ransa, ya gwammace ya haɗiye. Na san haka domin jinina ne.

Mu tsofaffin ma'aikata muna da hanyar gwada aiki. Ka ba shi abin da ba zai yiwu ba, ka ga ko zai tsaya ya yi gardama. Allah ya gafarta mini, wata Alhamis na rubuta cewa yau na hau kekena na tafi kasuwar Maigatari na dawo. Ban ajiye wayar ba amsa ta shigo. Ma sha Allah Baba, motsa jiki yana da amfani ƙwarai, amma a riƙa hutawa a inuwa.

Nan na tabbata ba kai kake rubutowa ba, na'urar ka ɗora wa aikin gaishe ni. Na'urar ba ta yi kuskure ba, da abin da aka ba ta ta yi aiki. Ba a gaya mata cewa keken nan ya yi tsatsa a bayan rumbu ba. Ba a gaya mata cewa tun daminar bara ƙafafuna suka ƙi ni ba, cewa masallacin da ke ƙofar gidanmu ya yi mini nisa, a zaune nake salla. Ba ka gaya mata ba domin kai ma ba ka sani ba.

To yau ka sani. Duniyata ta dawo gado, kujera da taga. Ta tagar nake jin keke napep suna wucewa, ranar kasuwa in ji motocin awaki suna nufar iyaka. Ƙanwarka Binta tana zuwa daga Sule Tankarkar ranar Juma'a, ta yi shara ta yi wanki, ta bar mini abin da maƙwabta za su riƙa ɗumamawa. Ta so ta gaya maka, ni na hana, na ce kana da abin da ya dame ka. Idan Mati ya tafi kasuwa, nakan wuni ban ji muryar da ta kira ni ba.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Bayan na gane, ban daina karantawa ba. Ina shafa addu'a hannuna yana neman wayar. Na san ɗan aikenka na na'ura ne ya rubuta, na san ma yadda aka gina shi, amma idan na kai wurin da aka ce ana kewata sai ƙirjina ya yi ɗumi. Har amsawa nake. Nakan ba shi labarin zafi, da tsadar gero, da kazar da ta shigo ta yi ƙwai a ƙarƙashin gadona. Shi kuma ya yi mamaki, ya yi mini addu'a, ya tambayi kazar.

Watanni ke nan ina juya abin. In na yi magana, na san ka. Kunya za ta kama ka, ka kashe shi, sannan kunyar ta hana ka kira, in rasa na jabun in rasa na gasken. In na yi shiru, ina da abokin hira har ƙarshen kwanana, kai kuma hankalinka a kwance, kana ganin an gaida Baba. Kowace safiya sai in ce gobe zan yanke shawara, gobe ta yi in ɗauki waya in karanta.

Juma'ar da ta wuce ne jiri ya ɗebe ni a bakin banɗaki. Allah ya sa Binta tana nan, ita da matar Mati suka ɗaga ni. Ina kwance tana shafa mini man zafi, sai wani tunani ya zo mini. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, washegari bayan asuba wayar nan za ta yi ƙara. Za a tambaye ni yadda na kwana, a ce in sha ruwa. Binta ce za ta buɗe ta karanta, a gaban mata masu zaman makoki, da sunanka a sama. Wannan ne ba zan iya bar maka ba. Ba za ka yafe wa kanka ba, ita ma da wuya ta yafe maka.

Ban ce wakilci laifi ba ne. Da wakili ake ɗaura aure. Ina Kano, idan aka yi rasuwa a dangi ban samu zuwa ba, ƙanena nake aikawa. Amma yakan je ya cire takalmi ya zauna, ya ci abin da aka ci, ya dawo ya gaya mini wanda ya rame, da wadda ta kasa magana, da gidan da katangarsa ta faɗi. Naka ɗan aiken bai taɓa ganina ba. Idan ma yana kawo maka rahoto, na san abin da yake cewa: Baba yana lafiya, har kasuwa ya je a keke.

Kada ka zaci ina ganin raini a ciki. Na san ciwon sana'armu. Duk abin da muka ga ana maimaitawa kullum, hannunmu ƙaiƙayi yake sai mun ɗora wa na'ura. Ka ga safiya tana wucewa ba ka gaishe ni ba, abin ya dame ka, ka gyara shi da kayan aikin da ke hannunka. Na san a gajiye ka zauna ka yi shi, ka saita shi da asubar Gumel, ba ta Legas ba. Na lura da wannan, ɗana. A matsayin aiki, ya yi kyau. Da a ofishinmu ne da na sa hannu.

Amma ka kashe shi. Da hannunka, ba wai ka gyara shi ya rage zaƙin baki ba, ba kuma ka koya masa cewa ƙafafuna sun mutu ba. Na san kana iyawa, shi ya sa na faɗa. Na san kuma abin da nake saya wa kaina. Safiya za ta yi tsawo, kuma wataƙila fushi ko kunya su riƙe ka wata da watanni. Na ɗauka.

Idan ka samu sarari ka kira, ko sau ɗaya a wata, ko kana tsaye a bakin titi. Ba sai ka nemo magana mai daɗi ba. Idan masu kamfani sun bar ka, ka zo. Ban san yadda uba yake faɗa wa ɗan fari irin wannan ba, babu wanda ya taɓa faɗa a gabana. Ina son ganinka. Ina son in gan ka tun ina gane fuska.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya sassauta maka wannan aiki, ya fitar da kai daga hannun masu ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka, ya ba ka abinci ta inda za ka ci da natsuwa. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya haskaka kabarinta. Ya raya maka yaranka, su gaishe ka da bakinsu. Ya sa mu gana da alheri, in kuma bai nufa ba a nan, ya haɗa mu a inda babu gaggawa. Amin.

Gobe bayan asuba zan ajiye wayar a kan darduma in jira. Idan ba ta yi ƙara ba, zan san ka karanta.

Ni ne mahaifinka,
daga Gumel.