Kan gamsheƙar da na binne

Daren Talata, watan Rajab, Danchadi

Yau ina ban ruwan albasa a fadama na kashe gamsheƙa. Ban ankara ba sai ga ni na sare kanta ina haƙa rami. Malam Bello maƙwabcina ya yi ta dariya. "Mi kaka yi haka, Umaru? Maciji ma sai an yi mishi jana'iza?"

Yaya Sani ne ya koya mini. Lokacin da abubuwa ke da sauƙi, mun taɓa bin motar albasa har Sakkwato kallon fim ɗin Indiya. Macijiya ce mai rikiɗa mace. Ta leƙa idon mijinta da aka kashe, ta ga fuskokin makasansa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A hanyar gida Yaya ya sa na rantse ba zan ƙara barin kan maciji a fili ba.

Shekara uku ke nan da tsadar rayuwa ta kora shi Ikko, wato Legas. Ko wasiƙa babu. Inna ta daina tambaya.

Wallahi haushinsa nake ji. Macijiya ma ba ta manta da nata ba.