Rasuwar Hajiya Zulaihatu Mani, Mai Tsayar Mana da Jini

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Wanzaman Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ƙarƙashin jagorancin shugabanta, Alhaji Kamilu Mai-Aska Daudawa, ta samu labarin rasuwar Hajiya Zulaihatu Mani, babbar malamar jinya a Ƙanƙara, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan gajeriyar rashin lafiya, aka kuma yi mata sutura kamar yadda addini ya tanada.

Marigayiyar ba 'yar ƙungiyarmu ba ce, ba ta taɓa riƙe aska ba, amma babu wanzami a wannan shiyya da bai san ƙofar ɗakin aikinta ba, domin duk sa'ad da aka yi kaciya jini ya ƙi tsayawa, wurinta ake ɗauko yaro a kan babur. Tana aiki da sinadarin daskarar da jini da likitoci ke kira tirombin, ta jiƙa bandeji da shi ta danne bakin ciwo har jinin ya kama. Ta sha ja mana kunne cewa ba a yin allurarsa ko kusa, don yana iya daskarar da jini cikin jijiya ya halaka mutum. Ita ta raba da yawanmu da barbaɗa toka a kan sabon yanka, kuma ba da lallami ba, don Hajiya ba ta iya ɓoye faɗa.

A al'adar sana'armu da uban yaro ake magana. Uwa kuwa, musamman in ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta ko ambaton sunansa. Marigayiyar ta fahimtar da mu cewa ciwon rashin daskarewar jini ta wajen uwa yake biyo yaro, saboda haka labarin kawunnai ake nema, ba na baffanni ba. Da kanta take shiga cikin gida ta zauna da mata ta tambaye su. In ta samu gida mai wannan ciwo, sai ta hana a taɓa yaron, ta ce maganinta shi kaɗai ba zai riƙe shi ba, sai babban asibiti.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Alhaji Mani, da 'ya'yanta da abokan aikinta. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi.

Akwai aiki guda da ta bari. Adnan, ɗan Malam Ɗanliti na Mabai, wanda kawunnansa biyu jinin kaciya ya yi ajalinsu, ta yi alkawarin raka shi babban asibiti bayan girbi. Mun san an yi wa duk tsararrakinsa kaciya, mun san ana yi masa ba'a, mun kuma ji mahaifinsa ya fara neman wanzami tun ba a share makokin Hajiya ba. Shugaban ƙungiya zai raka su asibitin da kansa. Kafin nan, duk wanzamin da ya kusanci yaron nan da aska, ko uban yana kuka ya roƙe shi, ya fita daga cikinmu, kuma mu da kanmu za mu kai shi gaban hukuma.

Sa hannu:
Malam Abdulgafar Ɗanlahadi Faskari,
Mai magana da yawun Ƙungiya