Rakiya Zuwa Tabki Na Biyu

Litinin, 13 ga Oktoba

Lokotoro, likitan zuciya, ya juyo mini da allon kwamfuta, wai in ga zuciyata. Na gani. Rubu'in aikinta take yi. Da mota ce aka kawo mini gareji a haka, sai in cire tayoyi in sayar da ƙarfen. Za su sa mini wata na'ura a ƙirji ranar 6 ga Nuwamba. Na ce tana warkarwa? Ya ce tana taimakawa. Ni ma haka nake ce wa masu sayen mota a wurina.

Laraba, 15 ga Oktoba

'Yata Oumaima za ta birnin Denver, can nesa a nan Amurka, ranar 25, ta samu aikin da ta shekara tana nema. Ba za ta ji komai daga bakina ba. Shekara biyu ta ajiye karatu tana jinyar uwarta har muka binne ta. Ba zan ci mata wasu biyun ba. In ta sani, kwance jaka za ta yi.

Wai kafin ta tafi sai mun hau dutse wajen garin Blowing Rock, ganye ya yi kyau. Na ce mu a Damagaram sai akuyar mutum ta ɓace yake hawa dutse. Ta yi dariya. Na amsa za ni.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Hassoumi, abokin cinikina na mota a nan Gate City, shi kaɗai ya sani. Da muka fito masallaci ya ce: "Tahirou, mutuwar ƙasa ba ta ishe ka ba, sai ka bi ta bisa?"

Asabar, 18 ga Oktoba

Awa biyu a mota, Oumaima ke tuƙi. Gaskiya wurin ya yi. Itatuwa ja, rawaya, ruwan goro, kamar rumfar 'yan atamfa ana gobe salla. Tabki biyu ne a hanyar ƙoli. Zuwa na farko hanya shimfiɗe, na yi ta zuba surutu. Daga nan hawa ya fara.

Na yi duk dabarun da na sani. Na tsaya ɗaukar hoto. Na ɗaure igiyar takalmi sau biyu. Na tare wata tsohuwa Baturiya ina yabon karenta, kare mummuna. A tabki na biyu ƙirjina kamar an ɗora buhun gero. Ruwan shiru, sanyi, ganye na yawo a kansa. Saura rabin awa a kai ƙoli.

Na zauna kan dutse na ce, "To, rakiya ta ƙare. A gida mai rakiya ba ya kai matafiyi har ƙofarsa. Wuce, nan zan tsaya."

Ta dube ni. "Baba, yaushe ka fara sallamar kanka? Matafiyi ke cewa a koma. Kai da sai baƙo ya roƙe ka sau uku, har kan titi kake binsa ba takalmi."

Shekara talatin ina ciniki, ban taɓa yin kuskure mai arha irin wannan ba. Da na ce gwiwa tun farko, shi ke nan.

Na ce gwiwa ce. Ta ce wace. Na nuna ta dama, alhali hannuna na kan ta hagu. Sai na yi mata tsawa ta hau ta ɗauko mini hoto, kada kuɗin mai ya tafi a banza. Ta hau. Na bi jar rigarta da ido har itatuwa suka shanye ta. Na yi tunanin in nan ne, wa zai faɗa mata, da wane harshe.

Da gudu ta dawo, ko minti arba'in ba ta yi ba. Hoto ɗaya, a karkace: duwatsu shuɗaye bayan duwatsu. A saukowa ita ke gaba, tana tsayawa ɗaure takalmi. Nata ba shi da igiya.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ta sayo mini maganin shafawa na gwiwa. Ta ajiye a gabana. Na shafa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ta tafi. Gidan ya yi girma.

Talata, 28 ga Oktoba

Asibiti, cika takardu. Akwai layin wanda za su kira in an fito da ni daga tiyata, ko in ba a fito ba. Na rubuta Hassoumi. Nas ɗin ta ce yau ma za su kira mutumin su yi masa bayani, in na sa hannu.

Hassoumi ba ya ɗaga waya in yana ciniki, kowa ya sani. Kuma Turancinsa na sayar da mota ne. Don haka kawai na soke sunansa.

Lambar Oumaima na sa, na rattaba hannu. Denver suna bayanmu da awa biyu, yanzu tana wurin aiki. Na ajiye wayata a kan tebur, na ƙara mata sauti.