Armuwar da ta ƙi shiga ƙofa

Litinin, 16 ga Yuni 2025

Gara ta ci kwalin da ke bayan ƙofa. Na ɗaga shi da safe, gindin ya zube, jar ƙasa da takardun mutane a haɗe. Kawu Yunusa ya yi salati, ya ce dole a sayi armuwar, wato kabad na ƙarfe, kafin ruwa ya kankama, don rufin biron nan yana yoyo tun bara.

Biro, wato ofis. Ɗaki ɗaya ne a wani lungu na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Fotokofi, rubuta wa mutane takardar neman aiki, ajiye musu takardun gona da na haihuwa. Tanti Nafisa ke buga ordinata, wato kwamfuta. Ni shara, ɗebo ruwa, aike. Da Kawu ya ɗauko ni daga ƙauyenmu Gaffati bayan na gama aji shida, ya ce wa Inna zan koyi na'urar. Har yau ƙurarta kawai nake gogewa.

Ya kuma ce mata in ban yi amfani ba zai maido ni a yi noma da ni. Wannan ban manta ba.

Laraba, 18 ga Yuni

Kawu ya je wani kanti kusa da kasuwar Dole, ya ji farashin sababbi, ya dawo yana faɗa. "Sai ka ce mota zan saya!" Ya ce Mansur mai walda zai haɗa mana da tsohon tol, irin fallen ƙarfen nan, da araha.

Ƙofarmu ƙunci gare ta, irin ta gidajen da. Da gefe armuwar za ta shiga. Kawu ya buɗe tafinsa a bakin ƙofar, babban yatsa zuwa na tsakiya, ya auna. Taƙi uku da rabi. Ya ce to gefenta ya zama taƙi uku. Tanti Nafisa ta ce a aro metir na awo mana. Ya ce, "Da metir aka gina Birni?"

Hannun Kawu ƙanƙane ne. Bai fi nawa da yawa ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Ni aka aika wurin Mansur. Maza cike a garejin, ƙarar ƙarfe, wuta na tartsatsi. Na durƙusa na gaida su, na faɗi saƙon ina kallon ƙasa. Mansur ya ce, "Ɗaga murya, ƴar Gaffati, ko sauro ya fi ki." Suka yi dariya. Na maimaita.

Ya shimfiɗa hannunsa kan tol ɗin yana sa alli. Wayyo. Hannun kamar faifai. Taƙinsa uku ya kusa huɗun Kawu.

Na gani. Wallahi na gani. Na so in faɗa. Amma yaya zan ce wa babban mutum, gaban abokansa, hannunka ya yi girma? Na ce sai an jima, na taho.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ƙila ya san aikinsa. Ƙila zai rage.

Alhamis, 26 ga Yuni

An kawo ta a amalanke. Toka-toka, ƙofa biyu, shimfiɗa huɗu ta jera kaya a ciki, har da makulli. Fentin bai gama bushewa ba.

Ba ta shiga ba.

Aka gwada a tsaye, aka kwantar, aka karkata. Ƙasar bango ta fara zubewa. Duk lungun ya fito kallo. Wani ya ce a shafa mata man gyaɗa. Kawu ya ce a ɗan sassaƙe bakin ƙofar, sai ga Hajiya Shatu mai gidan da sandarta. Ta ce zanen da ke kan ƙofar nan mijinta ya yi shi da hannunsa, wanda ya taɓa ya kwashe kayansa yau.

Mansur ya ce taƙi uku aka ce masa, taƙi uku ya yi, ya ɗora hannunsa ya nuna wa kowa. Kawu bai ɗora nasa ba. Hannun na cikin aljihun riga. Ni ya juyo wa.

"Wasila, ba a gabanki ya auna ba?"

Na ce e.

"Kin ga ya yi yawa?"

Da ma na yi ƙarya. Na ce e.

"To bakinki na cin tuwo ne kawai?"

Gaban kowa. Har yaran da nake kora daga bakin ƙofa.

Juma'a, 27 ga Yuni

Tana nan a lungu, an rufa mata leda. An sa ni zama kusa da ita ina gadi, kada yara su kankare fentin. Tanti Nafisa ta leƙo ta ce, "Madam gardi, ina kwana? Yaya amaryar taki?"

Kawu ne ya ƙi metir. Shi ya ƙi zuwa da kansa don kada Mansur ya ƙara masa kuɗi. Amma ni ce mai laifi.

Litinin, 30 ga Yuni

Akuyoyin Hajiya sun sami inuwa a gindin armuwar. Ni ma kashinsu nake sharewa yanzu.

Laraba, 2 ga Yuli

An yi ruwa mai yawa da asuba. Muka tarar da kwalaye biyu sun jiƙe sharkaf. Armuwar a waje, cikinta busasshe ƙarau, babu ko takarda ɗaya.

Da hantsi wani tsoho ya zo daga ƙauyen Hamdara karɓar takardar gonarsa, yana da shari'a da ɗan wansa. Tawadar ta narke, tambarin ya zama shuɗin tabo. Bai yi faɗa ba. Ya riƙe ta yana juyawa, ya ce, "Na kawo nan ne don gidana yana yoyo." Da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Bayan ya tafi Kawu ya ce in haɗa kayana. Litinin zan bi motar Gaffati. Ya ce a gona ba a bukatar magana.

Alhamis, 3 ga Yuli

Ban ci abinci ba. Ba noman nake tsoro ba, na saba. Fuskar Inna nake gani. Ta gaya wa duk matan unguwa ƴarta tana biro a Damagaram.

Asabar, 5 ga Yuli

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Ina shara na ga igiyar da aka ɗaure kwali da ita. Na miƙa ta a bakin ƙofa, na ƙulla daidai faɗin, na tafi garejin ba wanda ya aike ni.

Mazan nan dai. Mansur ya ce, "Ƴar Gaffati, an kuma aiko da taƙi?"

Na ce, "Malam Mansur, hannunka ya fi na Kawu girma. Ga faɗin ƙofar."

Da ƙarfi maganar ta fito, har ni na tsorata. Suka fashe da dariya, ɗaya har da buga ƙarfe. Ban gudu ba. Igiyar na hannuna a miƙe. Mansur ya dubi tafinsa kamar yau ya fara ganinsa, ya ce, "Da kin faɗa ran nan ai da ba a sha rana ba." Na ce kunya na ji. Ya ce kunyata ta ci masa tol.

Ya ce zai yanke bayan armuwar ya sake liƙawa. Guntun da ya fita nasa ne, shi ne ladansa.

Lahadi, 6 ga Yuli

Ta shiga. Ga tabon walda baƙi daga sama har ƙasa, ƙofa ɗaya sai an dafa da gwiwa take rufuwa. Amma ta shiga. Hajiya na tsaye da sanda har aka gama.

Kawu yana gaya wa maƙwabta, "Ai na ce a rage bayan." Sunana bai fito ba. Takardar tsohon Hamdara kuwa ba ta dawo ba.

Litinin, 7 ga Yuli

Ƙunshin kayana na bayan ƙofa tun safe. Kawu bai ce tafi ba, bai ce zauna ba, yana ta buɗe armuwar yana rufewa. Da can sai in tsaya shiru har wani ya tuna da ni.

Na ce, "Kawu, tafiya zan yi ko zama? Mota ba ta jira."

Tanti Nafisa ta daina bugawa. Kawu ya dube ni ta saman tabarau. "Yaushe kika yi baki?" Sai ya nuna kwalayen. "In kin tafi wa zai jera waɗannan? Zauna zuwa kaka mu gani."

Zuwa kaka. Ba godiya, ba komai. Ban ji daɗi ba, kada in yaudari kaina.

Da la'asar dai na tambayi Tanti ta ina ake kunna ordinata. Ta ce ba yau ba. Na ce to gobe da safe, kafin shara.